Rajistar gyaran tsohuwar jita mai lantarki da fedodinta, Birnin Kebbi

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Kayan sun iso daga Kamba, duka na gwanjo ne: jita ɗaya ƙirar Stratocaster amma kwaikwayo ce ta Sin, babu ko suna a kanta, ƙaramin amfilifaya mai wat 15 da sifika inci 8, feda (ɗan akwatin sauya sauti da ake takawa da ƙafa) mai maimaita sauti Boss DD-3, da wata koriyar feda mai kaurara sauti wadda aka kwaikwayi Tube Screamer wajen haɗa ta. Duka ₦85,000.

Kafin a kwance ko noti ɗaya na sa mita. Tsawon tsirkiya daga ƙashin kan wuya zuwa jaki (ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a jikin jita) milimita 648 ne, firet (ƙarafan da ke gicciye a wuya) 21. Na cusa kebul a soket, na buɗe bolum har ƙarshe, na auna fikof (naɗin waya da maganaɗisu mai ɗaukar sautin tsirkiya) ɗaya bayan ɗaya ta hanyar juya suwic: na wajen wuya 5.6k (k na nufin ohm dubu), na tsakiya 5.7k, na wajen jaki kuwa 480k. Wannan 480k ba fikof ba ne, fot ɗin bolum (abin da ake murɗawa a ƙara sauti ko a rage) ne mita take gani shi kaɗai, ma'ana hanyar fikof na uku a yanke take a wani wuri. Ya kuma nuna cewa fot ɗin da ke ciki mai 500k ne, ba mai 250k da ya dace da irin waɗannan fikof ba.

Sauran laifuffuka: gurnani mai ƙarfi da zarar an kunna amfi, kuma taɓa tsirkiya ba ya rage shi, bolum yana ƙaraf-ƙaraf, tsirkiyoyi sun yi tsatsa, koriyar feda ko fitilarta ba ta kamawa. DD-3 tana aiki da batir.

Mai sayarwa ya ce a canza fikof ukun gaba ɗaya a huta. Ba zan sayi komai ba sai mita ta nuna ya mutu.

Talata, 5 ga Nuwamba

An cire tsirkiyoyi, an ɗaga farantin gaba. Ƙura ta yi kauri a ramin har ta zama laka a kan suwic. Feshin wanke suwic ₦3,500, dalma ₦1,200. Suwic ya warke da feshi uku da juyawa kamar sau hamsin.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Fikof na jaki. Na cire wayoyinsa biyu daga suwic da bayan fot na auna shi kai tsaye, mita ba ta motsa ba, to matsalar a jikinsa take. Da madubin ƙara girma na masu gyaran waya aka ga abin: siririyar wayar naɗin ta tsinke daidai inda take shiga ɗan zoben da aka like farar waya. Wayar naɗin fikof lamba 42 ce, kaurinta kusan milimita 0.06, ta kai siririn gashi, kuma an naɗa ta sau dubbai. Sa'ar da aka yi, ƙarshen waje ne ya tsinke. Da na ciki ne, wanda ya fara naɗin, da sai dai a sake naɗi gaba ɗaya.

A nan aka yi ɓarna. Na ɗauki ayan likin dalma mai wat 60 domin shi ne a kusa, na ɗora a zoben, kafin dalma ta kama robar da ke riƙe da zoben ta narke, zoben ya karkace, guntun wayar da na kama ya ƙone. Fikof masu araha a kan roba ake naɗa su, ba sa jure zafi ko na daƙiƙa huɗu. Sai da na warware zagaye biyu na naɗin da bakin allura don samun sabuwar waya mai tsawo. Rasa zagaye biyu cikin dubbai ba ya canza sauti. Na goge fentin da ke jikin wayar da samfefa mai laushi, a hankali, jan farko da ƙarfi ya tsinke ta. Na naɗa ta sau huɗu a zoben, na koma ga ayan mai wat 30, na fara jiƙa bakinsa da dalma, taɓawa ɗaya ta daƙiƙa biyu. Mita ta ba da 5.9k. Ɗigon kakin kyandir a kan wurin don kada ya motsa.

Babban ayan ɗin na da ranarsa, amma ba a nan ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Na zaga wajen masu gyaran rediyo a babbar kasuwa neman fot. Abin da ke hannunsu 10k, 50k da 100k ne, na rediyo da amfi. Kada a sa su a jita: fot mai ƙaramar lamba yana zubar da sautin sama zuwa ƙasa, jita ta koma kamar an rufe ta da bargo. Na aika Sabon Gari a Kano a kawo A250K guda uku. Harafin A na nufin ƙarar tana hawa a hankali yadda kunne yake ji. Waɗanda ke ciki B500K ne, shi ya sa bolum yake yin tsalle daga shiru zuwa ƙara tun a lamba 2, sauran juyin kusan banza. Na jaddada wa ɗan aike a duba sandar: mai haƙora 18, domin murafen da ke kan jitar na ma'aunin Asiya ne, masu haƙora 24 na Amurka ba sa shiga sai an fasa murfi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Fot sun iso, ₦1,800 kowane, kafasita mai lamba 473 ₦200, kuɗin mota ₦1,500. An like su. Bayan fot sai an kankare da wuƙa kafin dalma ta zauna. Ƙaraf-ƙaraf ya tafi, gurnani yana nan.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Gurnani kashi na farko. Ƙa'idar gwajin mai sauƙi ce: idan ka taɓa tsirkiya ƙara ta ragu, wayar ƙasa ta jaki tana nan, idan babu bambanci, ta cire. Na buɗe murfin baya, ga baƙar wayar tana lilo, ta saki ƙarfen da ke riƙe da sifirin. Wanda ya like ta tun farko ɗora dalma kawai ya yi a kan ƙarfe mai sanyi, ta yi dunƙule kamar ƙwallon kashin akuya ba ta kama ba. Ƙarfen yana da kauri, yana shanye zafi, to nan ne aikin ayan mai wat 60. Na kankare wurin da magagari har ya yi fari, na cire sifirin don kada zafi ya kashe ƙarfinsu, na bar ayan ya zauna har ƙarfen da kansa ya narkar da dalma. Yanzu mita tana kuka tsakanin kowace tsirkiya da jikin soket, kuma ɗora hannu yana rage ƙarar da kusan rabi a kunne.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Shimfiɗa ramin da ƙarfe. Salatif na tagulla shi ya fi, amma bai samu a gari ba, na yi amfani da takardar alminiyam ta gashin kifi ₦2,000 da gam na masu takalmi ₦1,500. Lantarki ba ya ratsa gam, saboda haka duk inda yanki biyu suka haɗu na naɗe bakinsu cikin juna na danne da ƙusar ofis, sannan na bi da mita daga kusurwa zuwa kusurwa. Alminiyam ba ya karɓar dalma. Na ɗaura ƙaramin noti a katakon ta cikin takardar, da waya daga notin zuwa bayan fot ɗin bolum. Bayan farantin gaba ma an shimfiɗa, da ɗan leɓe da ya hau saman katako don su haɗu idan an rufe.

Da aka rufe aka kunna, tsit, babu gurnani babu kiɗa. Na ɓata kusan awa ɗaya ina zargin likin fikof na jaki. Mita a soket ta nuna sifili, wato sauti yana zubewa ƙasa kai tsaye. Da an ɗaga farantin sai lamba ta dawo daidai, da an mayar sai ta koma sifili. Ƙafafun suwic ne suke taɓa takardar da ke ƙasan ramin, domin ramin wannan jitar bai kai zurfin na asali ba. Salatif baƙi ninki biyu a ƙarƙashin suwic, da wani a ramin soket inda harshensa yake buɗewa idan an cusa kebul, ya raba gardama.

Sakamako: zizar da ƙwan fitila da cajar waya suke jawowa ta ragu sosai. Gurnanin ƙasa-ƙasa bai ko gezau ba, kuma dama ba a sa ran zai tafi ba. Shi wannan daga maganaɗisun taransfoma da wayoyin gida yake zuwa, a bugu 50 cikin daƙiƙa irin na wutarmu, kuma takardar alminiyam ba ta tare maganaɗisu. Shaida: idan aka juya da jitar a tsaye, akwai fuskar da yake raguwa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Hazo ya sauka. Babu aiki yau, an rufe komai da zane.

Asabar, 30 ga Nuwamba

A jita mai kyau, matsayi na 2 da na 4 na suwic ba sa gurnani, saboda fikof na tsakiya an juya naɗinsa da maganaɗisunsa, idan ya haɗu da maƙwabcinsa gurnanin biyu suna kashe juna, kiɗan kuwa ya ƙaru. A wannan ba haka ba ne. Na kara fuskar na tsakiya da ta na wuya, suka ture juna, wato fuskarsu ɗaya.

Abin da ya sa gyaran ya yiwu shi ne arahar fikof ɗin. Maganaɗisunsa sanda ce baƙa da aka manna a ƙasa, ba a cikin ƙusoshin yake ba. Na sa alama da farin fenti a fuskar da ke kallon waje, na zura reza a hankali na ɓamɓare gam, na kifa sandar, na manna. Irin wannan maganaɗisu yana fashewa kamar tangaran, kada a sa sukundireba a banƙare shi. Sannan na musanya wayoyin: baƙa zuwa suwic, fara zuwa ƙasa. Dole a yi biyun tare. Wanda ya juya waya kaɗai zai kashe gurnani, amma sautin zai fito siriri kamar ta hanci.

Matsayi na 2 da na 4 yanzu shiru suke kamar an kashe amfi. Wannan gyara ko sisi bai ci ba, kuma a ganina ya fi duk abin da aka yi wa jitar zuwa yau amfani.

Laraba, 4 ga Disamba

Koriyar feda. Da buɗewa aka ji warin ƙuna, kafasita mai 100µF ya kumbura. Soket ɗin wutarta irin na Boss ne, 9V, tsakiya shi ne mara (−), gefe shi ne mai (+). Adaftocin dikoda da na'urar intanet da suka cika gidajenmu 12V ne kuma akasin haka suke, tsakiya mai, ga shi bakinsu yana shiga daidai. Tabbas abin da aka cusa mata ke nan. Dayod ɗin kariya ya sha wutar har ya haɗe, mita tana kuka ta kowace fuska.

Na kai allon wajen wani dattijo mai gyaran rediyo don neman aisi mai lamba 4558, ɗan guntun da ke sarrafa sautin fedar. Ya juya shi a hannu ya ce, "Yaro, wannan ai ko a mataccen DVD akwai shi, kar ka aika Kano." Na ce, "To Baba, a duba mana." Ya zaro allo daga kwali ya ba ni a ₦500, akwai guda biyu a kai. Dayod 1N4007 na cire daga mataccen ƙwan fitila, kafasita sabo mai 25V ₦150, gurbin aisi mai ƙafa takwas ₦200 don gaba ba sai an sake liki ba.

Awo bayan gyara, da batir: ƙafa ta 8 ta ba da 9.1V, ta 4 sifili, sauran shida duk kusan 4.5V, rabin wutar, yadda ya kamata. Kafin canza aisi ƙafa ta 1 tana makale a 8V, wannan ne ya tabbatar ya mutu. Feda ta tashi. Dayod biyu masu yanke sautin suna lafiya. Wannan tsari yana barin sautin da ke ƙasa da wajen 720Hz ba tare da kaurara shi sosai ba, shi ya sa tsirkiyoyin ƙasa ba sa cakuɗewa, tsakiya ce take fitowa gaba. Ga mai kiɗa irin na Abzinawa, inda yatsu suke gudu a tsirkiya ɗaya ana barin wata tana amo, hakan ya fi feda mai murƙushe komai.

Asabar, 7 ga Disamba

Wutar fedodi. Batir mai 9V ba hanya ba ce: koriyar tana cin ƙasa da 10mA, amma DD-3 na auna tana jan kusan 50mA, batirin kasuwa ba ya kai mata zaman gwaji biyu. Adafta mara nauyi da na gwada ta kawo wani siririn fito da yake bin maimaicin sautin.

Na haɗa tawa: taransfoma 12V ₦2,500, dayod 1N4007 huɗu, kafasita 1000µF mai 25V, 7809 mai tsayar da wuta a 9V da ɗan farantin sanyaya shi, ƙananan kafasita biyu a ƙafafunsa. Duka ₦3,400. Da rana ta ba da 9.0V cif, shiru.

Talata, 10 ga Disamba

Da magariba gurnani ya dawo ta fedodi. Na auna bango, wuta ta faɗi zuwa 168V maimakon 230V. Lissafin a fili yake: taransfoma da ya kamata ta ba da 12V ta koma ƙasa da 9V, bayan dayod da kafasita abin da ya isa 7809 bai wuce 11V ba, shi kuwa yana bukatar ratar kusan 2V sama da abin da yake fitarwa. Da ratar ta ƙare sai ya bar kaɗawar wutar ta wuce. Ƙaramin janareto ya fi muni, da an kunna firji sai fitilar DD-3 ta lumshe.

Taransfoma mai 15V za ta magance faɗuwar, amma ranar da wuta ta cika 7809 zai yi zafi a banza. Na zaɓi batir: mai 12V 7Ah irin na UPS ₦15,000, fis 500mA dab da kan batir, sai 7809, sai bakuna biyu masu tsakiya mara, ₦1,000. A cike yana 12.7V, ana caja shi idan ya sauka 12V. Da jan 60mA zai yi kwanaki. Babu fito, babu gurnani. Na shafa jan fenti a bakunan don kada a sake cusa na dikoda.

Asabar, 14 ga Disamba

Wannan ya fi duk sauran muhimmanci, kuma da shi ya kamata a fara. Ana gwaji babu takalmi a kan siminti aka ji tsirkiya tana ɗan cizon hannu. Tun da aka gyara wayar jaki, tsirkiyoyi a haɗe suke da jikin amfi, jikin amfi kuma ya kamata ya tafi ƙasa ta ƙafa ta uku ta fulogi. Ƙafar a karye take, wani ya cire ta don fulogin ya shiga soket mai rami biyu. Soket ɗin ɗakin ma da aka buɗe babu wayar ƙasa a ciki. Duk ranar da wani abu ya lalace a cikin amfi, mai riƙe da jita shi ne hanyar wutar, musamman in leɓensa ya taɓa makirufo. Hakan ya kashe makaɗa.

An kira mai wayarin. Sabon fulogi mai ƙafa uku, sandar ƙasa mai rufin tagulla ₦6,000, waya mai kauri ₦3,000, aiki ₦4,000. Ƙasar hunturu a bushe take ƙayau, sai aka kafa sandar kusa da makwararar ruwan wanki inda danshi ba ya yankewa, aka zuba gawayi a ramin. Cizon ya ɗauke, ragowar zizar da ake ji idan an saki tsirkiya ita ma ta ragu.

Asabar, 21 ga Disamba

Wuya. Na jinkirta shi da gangan har iska ta gama busar da katakon. Awon farko a Nuwamba, da tsofaffin tsirkiyoyi, an danne firet na 1 da na ƙarshe an zura filageji, ma'aunin rata na makanikan babur, tsakanin tsirkiya da firet na 8: milimita 0.30. Yau da sababbi masu lamba 10 zuwa 46, ₦4,500, ya kai 0.55. Ana son wajen 0.25. Alanki mai milimita 4 ya ƙi zama, ashe ƙura ce ta cika ramin notin sandar ƙarfen da ke miƙar da wuya. Da an tilasta da an cinye bakinsa, wuyan kuwa ya zama na ado. Allura, ɗigon mai, sannan ya shige har ƙasa. An sassauta tsirkiya, kwata ɗin juyi zuwa dama, a bar shi ya kwana.

Lahadi, 22 ga Disamba

0.38. Rabin kwata kuma.

Talata, 24 ga Disamba

0.26, an tsaya nan. Tsayin tsirkiya a firet na 12: mai kauri milimita 2.0, siririya 1.6. Jakin yana ɗagawa idan an ja tsirkiya ɗaya sauran su sauka, kuma ba a amfani da sandar girgiza, sai na yanka guntun katakon maɗaci na cusa tsakanin ƙarfen jaki da jikin jita, na ƙara ɗaure sifirin. Bakin fensir a ramukan ƙashin wuya don tsirkiya ta daina maƙalewa. Daidaiton sauti: idan abin da aka danna a firet na 12 ya haura inda ya kamata in an kwatanta da na tsirkiya a sake, a ja sirdinta baya. Biyar sun zauna, ta uku ta ƙure notinta, sai da na rage sifirin ɗinta da filaya. Siririyar ta tsinke a bakin sirdi mai kaifi, an goge shi, an buɗe saiti na biyu, ₦4,500. Fikof: a danne firet na ƙarshe, rata milimita 2.4 ta gefen kauri, 2.0 ta gefen siriri.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Bakunan firet. Katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, bakunan sun fito suna yankar tafin hannu tun daga firet na 5. Yanzu ne lokacin goge su, da an yi a damina da sun sake fitowa. Salatif na takarda a gefen wuya da tsakanin firet, ƙaramin magagari mai laushi a kwance yana bin tsawon wuya, ba a ƙetare ba don kada firet ya ɗago, har sai an ji ya fara shafar salatif. Kowane baki an zagaye shi da shafa uku, sannan samfefa 600 da 1000. Awa biyu da rabi. Magagari, samfefa da salatif ₦2,700.

Kuɗin gyara zuwa yau ₦60,250, ban da sayen kayan. A ciki ₦32,400 wuta ce ta ci: taransfoma, batir da wayar ƙasa. Fikof ukun da aka ce a zubar suna nan suna aiki.

Abin da ya rage: firet na 14 ya ɗan fi maƙwabtansa tsayi ta gefen tsirkiya ta biyu, reza da aka ɗora a kan firet uku tana rawa a kansa. Za a fara gwada buga shi da gudumar roba da ɗigon gam a ƙarƙashi kafin a kai ga magagari. Jitar tana kwana a jakarta da jiƙaƙƙen soso a cikin gidan sabulu mai huji, ana sake jiƙa shi duk kwana biyu. Za a sake auna wuyan a ƙarshen Fabrairu, sannan bayan ruwan farko.